Dangantakar Inshorar Lafiya da Tsadar Magani da Samun Kulawa: Nazari a Kan Tsarin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan ce, "Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke." Wannan karin magana yana nuna irin matsayin da lafiya take da shi a wurin al'umma, amma bai faɗi abin da neman ta yake ci ba. A Nijeriya, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na dukkan kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyata da iyalansu yake fitowa, a daidai lokacin da ciwo ya kwantar da su. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka kai wannan adadi. Ma'anar haka ita ce, ga mafi yawan magidanta, rashin lafiya musiba biyu ce a haɗe, wato ciwon jiki da kuma karayar arziki.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda abubuwa uku suke cuɗanya da juna: inshorar lafiya, da tsadar magani, da samun kulawar asibiti. Sau da yawa akan ɗauka cewa da zarar an kafa inshora, magani zai yi arha kuma kowa zai ga likita. Maƙalar za ta nuna cewa al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin kowane ɗaya daga cikin ukun yana iya ɗaga sauran biyun, yana kuma iya kassara su. Za a fara da fayyace ma'anar kalmomin, sannan a duba hanyoyin da ƙasashe suke bi wajen biyan kuɗin jinya, da tarihin lamarin a Nijeriya. Daga nan sai a bi dangantakar ɗaya bayan ɗaya, a kuma waiwayi abin da ya faru a Gana da Jamhuriyar Nijar.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Inshora

Kalmar inshora ararriya ce daga Ingilishi, amma tunanin da ke cikinta ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Gayya da gudummawar biki da karo-karon da 'yan'uwa suke yi wa wanda gobara ta shafa duk sun ginu a kan cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akan kwatanta inshora da adashi, sai dai akwai bambanci babba. A adashi kowa yana zubi kuma kowa yana da ranar kwasa, ya karɓi daidai abin da ya zuba. A inshora kuwa kowa yana zubi, amma wanda lalura ta faɗa wa shi kaɗai yake kwasa, gwargwadon lalurarsa. Wanda ya shekara lafiya lau ba a mayar masa da komai, abin da ya saya shi ne kwanciyar hankali.

Alal misali, a ƙaddara mutum 1,000 sun yarda kowa ya zuba naira 10,000 a shekara. Asusunsu zai tara naira miliyan 10. Idan mutum 20 daga cikinsu suka bukaci tiyata ta naira 300,000 kowannensu, za a kashe naira miliyan 6, a yi wa sauran ƙananan jinya da ragowar. Babu wanda ya san ko yana cikin ashirin ɗin nan, amma ana iya kintatar yawansu a cikin taro. Wannan shi ne ginshiƙin inshora: abin da ba a iya hasashensa ga mutum ɗaya, ana iya hasashensa ga jama'a.

2.2 Tsadar Magani

Abin nufi da tsadar magani a nan ya haɗa da kuɗin kati, da awon jini da fitsari, da hoto, da gado, da tiyata, da ƙwayoyi da allurai. Bayan waɗannan akwai ɗawainiyar da ba ta fitowa a rasit, kamar kuɗin mota, da abincin mai jinya, da kwanakin da aka yi ba a je gona ko kasuwa ba. Wajibi ne kuma a bambanta tsakanin abin da magani ya ci da abin da majinyaci ya biya. Ana iya ba mutum magani kyauta, amma dole wani ya biya kuɗinsa a wani wuri.

2.3 Samun Kulawa

Ana cewa mutum ya sami kulawa idan ya isa wurin da ya dace, a lokacin da ya dace, aka kuma yi masa abin da ya dace. Saboda haka kuɗi sharaɗi ɗaya ne kawai. Akwai nisan asibiti, da samuwar ma'aikata da kayan aiki, da kuma yardar majinyaci da iyalinsa su je tun farko.

3.0 Hanyoyin Biyan Kuɗin Jinya

Hanyoyi huɗu ne fitattu. Ta farko ita ce biya daga aljihu, wadda ita ce mafi tsufa kuma mafi nauyi a kan talaka, domin babu wanda yake taya wani ɗauka. Ta biyu ita ce inshorar ma'aikata ta dole, wadda Jamus ta fara a shekarar 1883 a zamanin Bismarck, inda ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki suke zubi a asusu guda. Ta uku ita ce biya daga haraji, kamar yadda Birtaniya ta tsara tun 1948, inda gwamnati take riƙe da mafi yawan asibitoci, majinyaci kuma ba ya biyan kuɗin ganin likita. Ta huɗu ita ce inshorar kamfanoni masu zaman kansu, wadda ta fi ƙarfi a Amurka, ko da yake a can ma gwamnati ta kafa shirye-shirye biyu a 1965, ɗaya domin tsofaffi ɗaya domin matalauta.

Babu ƙasar da ta tsaya a kan hanya ɗaya tak. Abin da ke bambanta su shi ne wadda ta fi rinjaye. Misalin Amurka kuwa yana da abin lura: tana kashe kimanin kashi 17 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara a kan lafiya, fiye da kowace ƙasa mai arziki, amma a 2023 akwai mutane kimanin miliyan 26 da ba su da inshora kowace iri. Wannan ya nuna cewa yawan kuɗin da aka kashe bai isa ya tabbatar da cewa kowa ya sami kulawa ba. Yadda aka tara kuɗin da yadda aka raba shi suna da muhimmanci daidai da yawansa.

4.0 Taƙaitaccen Tarihin Lamarin a Nijeriya

Maganar inshorar lafiya ta taso a Nijeriya tun 1962, lokacin da Ministan Lafiya Dokta Moses Majekodunmi ya gabatar da ƙuduri a majalisa, amma bai sami karɓuwa ba. A shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya yawaita, asibitocin gwamnati suna ba da magani kyauta ko da rangwame mai yawa. Faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980 da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 suka sauya wannan yanayi. Darajar naira ta faɗi, kason lafiya ya ragu, ɗakunan ajiyar magani suka zama wayam, aka koma rubuta wa majinyaci takarda ya je kyamis ya saya.

A 1987 Bankin Duniya ya fitar da rahoto yana ba ƙasashe masu tasowa shawarar su riƙa karɓar kuɗi a asibitocin gwamnati. A wannan shekara ce kuma ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako, wanda ya tanadi a sayar da magani a ƙananan asibitoci a riƙa juya kuɗin wajen sayo wani. Shirin ya taimaka wajen samar da magani a wasu wurare, amma ya ɗora nauyin biya a kan mai ciwo.

An kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa a 1999, wato Doka ta 35, amma bai fara aiki ba sai 2005 a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. An tsara cewa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100 na tsurar albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5, a kula da shi da abokin aurensa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, majinyaci kuma ya biya kashi 10 na kuɗin ƙwayoyin da aka rubuta masa. Shirin ya gamu da cikas biyu. Na farko, shiga ba dole ba ne. Na biyu, jihohi suna da ikon kansu a kan harkar lafiya, kuma ƙalilan ne suka shigar da ma'aikatansu. Saboda haka ya kasance kusan na ma'aikatan gwamnatin tarayya kaɗai.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar tarayya, kuma an fara sanya masa kuɗi a kasafin 2018. Daga 2015 jihohi suka fara kafa hukumominsu, Legas a 2015, Kano a 2016. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne yadda Kano ta kauce wa kalmar inshora, aka fi kiran shirin da taimakekeniya, saboda shakkun da jama'a suke da shi game da halaccin inshora ta kasuwanci a Musulunci. Zaɓen kalma a nan wani ɓangare ne na neman yardar masu zubi. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan sabuwar doka wadda ta soke ta 1999, ta mayar da inshorar lafiya wajibi a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu. Duk da haka, zuwa ƙarshen 2024 waɗanda aka yi wa rajista kimanin miliyan 19 ne, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200.

5.0 Yadda Abubuwan Uku Suke Shafar Juna

5.1 Tsada da Samun Kulawa

Idan biya daga aljihu ne, farashi shi yake yanke hukuncin wanda zai ga likita. Magidanci yakan fara da jiƙo ko ƙwayar kyamis, ya jira ya ga ko jiki zai yi sauƙi, sai ciwo ya ci ƙarfinsa a ɗauke shi zuwa asibiti. A lokacin nan jinyar ta fi tsada kuma ta fi haɗari. Hawan jinin da ƙwayar yau da kullum za ta riƙe, idan aka bar shi yakan kai ga shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. Wani kuma yakan sayi rabin maganin da aka rubuta masa, wanda hakan yana daga cikin abubuwan da ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauka a baya cikin muradun ci gaba mai ɗorewa ya riƙa kallon iyalin da suka kashe fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da suke samu ko suke kashewa a kan jinya a matsayin waɗanda jinya ta yi wa illa. Ciwon ƙoda ya isa misali. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga kimanin naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta. Mai wannan ciwo yana bukatar wanki sau biyu ko uku a mako. Ko da sau biyu aka yi, kuɗin wata ɗaya a tsohon farashi ya kai naira 400,000, a sabon farashi kuma naira 96,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Ke nan ko bayan rangwame, ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ɗaukar wannan jinya shi kaɗai ba. Daga nan ne ake sayar da gona da dabbobi, a cire yara daga makaranta, talaucin da ya biyo baya kuma ya sake jawo wani ciwon.

5.2 Inshora da Samun Kulawa

Shaidu mafi ƙarfi a kan wannan batu sun fito ne daga gwaje-gwaje biyu da aka yi a Amurka. Na farko shi ne na cibiyar RAND, daga 1974 zuwa 1982, inda aka raba dubban iyalai ta hanyar ƙuri'a, wasu jinyarsu kyauta, wasu kuma suna biyan wani kaso. An gano cewa waɗanda ba sa biya sun fi waɗanda suka fi kowa biya yawan zuwa asibiti. An kuma gano cewa masu biya sun rage zuwan da ba shi da amfani da wanda yake da amfani gaba ɗaya, domin majinyaci ba shi da ilimin da zai tantance su. Ga matsakaicin mutum ba a ga wani bambanci mai yawa a lafiyarsa ba, amma matalauta masu hawan jini sun fi samun sauƙi a rukunin kyauta.

Na biyu shi ne na jihar Oregon a 2008, inda aka yi ƙuri'a tsakanin matalauta domin ba da inshorar gwamnati. Bayan shekara biyu, waɗanda suka samu sun fi ganin likita, bashin jinya ya ragu a kansu, ciwon damuwa ma ya ragu, amma awon hawan jini da na sukari bai nuna wani sauyi mai ƙarfi ba. Abin da za a fahimta shi ne, aikin inshora na farko kare dukiyar iyali ne da buɗe ƙofar asibiti. Ingantuwar lafiya kuwa ta dogara ga abin da aka tarar a bayan ƙofar.

Wannan batu ya fi fitowa fili a Nijeriya. A 1994 masana biyu, Thaddeus da Maine, sun bayyana jinkiri uku da ke jawo mutuwar mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, da jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Inshora tana rage na farko, domin maigida ba zai tsaya neman rance ba, tana kuma rage wani sashe na na uku, domin ba za a ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa mai naƙuda ba. Amma ba ta gyara hanya, ba ta samar da jini ko ungozoma a ƙauyen da babu su. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. Katin inshora a hannun matar da asibiti mai tiyata ya yi mata nisan tafiyar sa'o'i bai cika amfaninsa ba.

5.3 Tasirin Inshora a Kan Tsada

Tun 1963 masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya nuna cewa kasuwar magani ta sha bamban da sauran kasuwanni, domin mai sayarwa ne yake faɗa wa mai saye abin da yake bukata, mai saye kuma ba ya cikin halin yin ciniki. Inshora tana iya gyara wannan, tana kuma iya ƙara ɓata shi.

Tana rage tsada ta hanyoyi biyu. Asusun da ke wakiltar miliyoyin mutane yana da bakin yin ciniki da asibitoci da kamfanonin magani, ya kuma tsayar da farashi, abin da majinyaci ɗaya ba zai iya ba. Sannan zuwa asibiti da wuri yana hana ƙaramin ciwo zama babba. A ɗaya ɓangaren, tana iya ƙara tsada, domin idan wani ne zai biya, majinyaci ba ya tambayar farashi, asibiti kuma yana iya yawaita awo da kwantarwa. Akwai kuma kuɗin gudanarwa, wanda a Nijeriya ya haɗa da kason kamfanonin da ke dillanci tsakanin hukuma da asibitoci.

Yadda ake biyan asibiti yana da tasiri a nan. A tsarin Nijeriya hanyoyi biyu ake bi. A matakin farko ana biyan asibiti ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba. A mataki na biyu, kamar tiyata da ganin ƙwararren likita, ana biya gwargwadon aikin da aka yi. Hanya ta farko tana sa asibiti ya yi tsimi, har wani lokaci ya tauye majinyaci ko ya yi saurin tura shi gaba. Ta biyu tana sa ya yawaita aiki ko da babu bukata. Kowace tana bukatar sa ido.

Matsala ta ƙarshe ita ce ta wanda yake shiga. Idan shiga na ganin dama ne, masu ciwo da masu juna biyu su ne za su yi rububi, matasa masu lafiya su ja baya. Sai kwasa ta fi zubi, a ƙara kuɗin zubi, wasu masu lafiyar su sake ficewa, har asusun ya durƙushe. Wannan ne dalilin da ya sa dokar 2022 ta mayar da shiga wajibi. Amma tilastawa tana da sauƙi ne a kan mai albashi, wanda ake cire masa tun kafin kuɗi ya shigo hannunsa. Mafi rinjayen 'yan Nijeriya manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda samunsu yake zuwa da kaka ko da ciniki, kuma babu wata takardar albashi da za a cire musu.

5.4 Tasirin Tsada a Kan Inshora

Idan farashi ya tashi amma zubi bai tashi ba, inshora takan zama suna kawai. Kuɗin da ake biyan asibiti a kan kowane mutum a shirin tarayya ya tsaya a naira 750 a wata tun daga 2012 har fiye da shekara goma. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da naira 1,500 a farkon 2024. Da yake mafi yawan magunguna da sinadaran haɗa su daga waje ake shigo da su, musamman daga Indiya da Sin, farashinsu ya ninka. Asibitin da ake biya da tsohon farashi zaɓinsa kaɗan ne: ko ya ce wa mai kati babu magani ya je waje ya saya, ko ya ba shi mafi arha, ko ya fifita mai biya nan take. Ta haka mai inshora yake komawa biya daga aljihu, jama'a kuma su yanke ƙauna da shirin. Hukuma ta ƙara kuɗin a 2024 da kuma 2025, har ya kai naira 1,450, gwamnati kuma ta ba da umarni a 2024 na ɗauke haraji a kan kayan haɗa magani. Ana iya cewa waɗannan matakai amincewa ne da cewa inshora ba ta tsayawa idan ba a kula da farashi ba.

6.0 Abin da Ya Faru a Gana da Nijar

Gana ta yi fama da tsarin biya kafin a duba majinyaci tun daga shekarun 1980. A 2003, zamanin Shugaba John Kufuor, ta kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa. Hikimar da ta yi ita ce ba ta dogara ga zubin mutane kaɗai ba. Ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayayyaki da ayyuka, ta kuma ɗebi wani kaso daga asusun fanshon ma'aikata. Ta haka aka yafe wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 da tsofaffi masu shekara 70 zuwa sama da matalauta kuɗin zubi, aka ƙara da masu juna biyu a 2008. Sakamakon haka, kason mutanen Gana da ke cikin shirin ya ninka na Nijeriya sau da dama, zuwa asibiti ya ƙaru ƙwarai. Amma ƙaruwar ta zo da nata nauyi, domin an sha yin watanni ba a biya asibitoci kuɗinsu ba, wasu har suka riƙa barazanar komawa tsohon tsari.

Nijar kuwa ta bi wata hanya. A 2006 ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta, bisa alkawarin gwamnati za ta biya asibitoci daga baya. Iyaye sun yi ta kai yara, amma biyan ya riƙa jinkiri, bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa a wurare da dama. Ƙasashen biyu sun nuna abu guda: ɗauke wa majinyaci biya yana kawo shi asibiti, amma idan kuɗin bai isa asibiti a kan lokaci ba, abin da ya zo nema ba zai same shi ba.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa tsada tana hana samun kulawa, inshora tana sassauta wannan hani ta hanyar raba nauyi a kan jama'a, amma ita kanta tana iya ɗaga farashi, farashin kuma yana iya karya ta. Bisa ga abin da ya gabata, sharuɗɗa huɗu ne suka fito. Dole asusu ya ƙunshi masu lafiya da marasa lafiya, masu hali da marasa hali. Dole a biya wa wanda ba shi da ƙarfin zubi daga haraji, kamar yadda Gana ta yi. Dole a riƙa daidaita kuɗin da ake biyan asibiti da farashin kasuwa, a kuma biya a kan lokaci. Dole ne, daga ƙarshe, a sami asibitin da ma'aikata da magani a kusa da mai kati.

Dukkan waɗannan suna komawa ga kasafin kuɗi. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, amma a mafi yawan shekarun da suka biyo baya kason gwamnatin tarayyar Nijeriya bai wuce kashi 4 zuwa 6 ba. Dokar 2022 ta ɗora wa kowane ɗan ƙasa wajibcin shiga inshora. Cikar wannan doka ta rataya ne a kan ko gwamnatocin tarayya da na jihohi za su sauke nasu wajibcin na biya wa manomi da mai talla da marayan da ba su da albashin da za a cire musu.